Kebbi Na Bukatar Cibiyar Binciken Laifuffuka Mai Zaman Kanta

Tun daga sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, har zuwa harin da Lakurawa suka kai garin Mera cikin ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, jama'ar Jihar Kebbi sun ɗanɗana kuɗarsu. Daga unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi zuwa kasuwar Argungu, maganar tsaro ce a bakin kowa. Amma fa jita-jita ba ta zama magani. Likita ba ya rubuta magani sai ya san ciwo.

Nan ne aikin cibiyar binciken laifuffuka yake. Malamanta sukan bi gida-gida suna tambayar wanda aka yi wa sata ko fashi, da dalilin da ya hana shi kai ƙara. Ta haka ake gano ɓarnar da ba ta taɓa shiga littafin 'yan sanda ba. Gidauniyar CLEEN, wadda marigayi Innocent Chukwuma ya kafa a Ikko a 1998, ta yi irin wannan bincike a Nijeriya da taimakon Gidauniyar MacArthur ta Amurka.

To, abin lura shi ne kuɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Cibiyar da ke jiran ɗan abin da ma'aikata za ta yaga mata kowace shekara ba za ta iya faɗar gaskiya mai ɗaci ba. Wadda kuwa ta dogara ga baƙi, ran da hankalinsu ya koma wata ƙasa, ran nan za ta rufe ƙofa.

Saboda haka ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta kafa wa cibiyar asusu na dindindin bisa doka, sarakunan Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru su jawo attajirai su zuba nasu, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi kuma ta ba da malamai. Sharaɗi ɗaya ne: kowane rahoto a buga shi a fili, har da Hausa, ko ya yi wa hukuma daɗi ko bai yi ba. Gwamnati ce za ta fara cin moriyarsa.