Ku Daina Ɗora wa Teku Laifi, Mahukuntan Luwisiyana

A watan Agustan 2023 manyan jihar Luwisiyana ta Amurka suka taru a gefen kogin Misisipi, ƙasa da birnin New Orleans, suka riƙe shebur aka ɗauke su hoto. Wai sun fara aikin Mid-Barataria: za a huda jingar kogin, a saki ruwa mai laka ya malala cikin fadamun bakin teku da ke nutsewa. Ba a cika shekara biyu ba, a Yulin 2025, gwamnatin Gwamna Jeff Landry ta soke aikin, bayan an riga an narkar da ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wannan ganganci ne, kuma sai an faɗa muku.

Duk manomin fadama ya san abin da kuke yi kamar ba ku sani ba. Kogi idan ya cika ya tumbatsa, laka yake bari a baya. Da wannan lakar Misisipi ya gina kudancin jiharku kaf, shekaru dubbai yana zubawa, ciyawa mai jure gishiri tana kafa saiwa tana riƙe ta. Ƙasar can kullum lotsawa take yi, kogin yana ciko. Bayan ambaliyar 1927 aka ɗaure shi da jinga hagu da dama, don kare gonaki da birane, kuma ba wanda zai ce kare rai laifi ne. Amma tun daga lokacin lakar da ke ciyar da fadama sai ta riƙa wucewa ta zube can cikin zurfin Tekun Meziko. Lotsawa ba ta tsaya ba, ciko ne ya tsaya.

Sannan kuka buɗe wa kamfanonin mai da gas ƙofa. Suka yayyanka fadamar da hanyoyin ruwa na dubban kilomita don shigar da injinan haƙa da bututu. Wanda ya duba hoton wurin daga sama zai ga layuka miƙaƙƙu kamar an ja da reza, tarin ƙasar da aka haƙo jibge a gefe da gefe ya hana ruwa zagayawa. Ta nan ruwan gishiri ya kutsa har inda bai taɓa kaiwa ba. Itatuwa suka bushe a tsaye, fari fat, ba ganye ko ɗaya. A garin Leeville har maƙabarta ruwa ya ci, kaburbura suna leƙowa daga cikinsa. Daga 1932 zuwa 2016 jihar ta yi asarar ƙasa kimanin murabba'in kilomita 5,000. Tsibirin Isle de Jean Charles ya rasa kusan kashi 98 cikin 100 na ƙasarsa tun 1955, har a 2016 aka ware dala miliyan 48 don a kwashe mutanensa, yawancinsu 'yan asalin ƙasar, a kai su tudu.

To, me fadama take yi wa mutum? Idan guguwa ta turo ruwan teku, sai ya ratsa kilomitoci na ciyawa da taɓo kafin ya iso bakin jinga, ya iso da ƙarfinsa a rage. Idan babu ita, igiyar ruwa kai tsaye take dukan bango. Kun gani da idonku ranar 29 ga Agustan 2005. Hanyar jiragen ruwa ta MRGO, wadda aka haƙa don gajarce tafiya, ta riga ta kashe fadamun gabashin New Orleans kafin guguwar Katrina ta zo. Mutum fiye da 1,000 suka mutu. Sai a 2009 aka toshe hanyar, ihu bayan hari. Aka kashe dala biliyan 14 da ɗoriya wajen sabbin jinga da famfuna. Shekara 16 cif bayan Katrina, a rana ɗaya da tata, guguwar Ida ta sauka. Jingar ta kare birnin, amma garuruwan da ke wajenta sun sha kashi.

Na san hujjarku. Masu kamun jatan lande da kawa a gundumar Plaquemines sun ce ruwan daɗi zai kashe musu sana'a, kuma gaskiya suka faɗa. Kuɗin aikin ya haura zuwa wajen dala biliyan 3. Amma duk an san da wannan kafin a ɗauki shebur, an yi shekaru ana nazari, an kuma ware kuɗin rage wa masuntan raɗaɗi. Idan bai isa ba, sai ku ƙara, ku zauna da su ku yi ciniki. Abin da ba ku gaya musu ba shi ne, fadamar da jatan landen ke girma a cikinta ita ce ke ƙarewa. Yawancin kuɗin ma ba harajin kowa ba ne, diyya ce ta malalar man kamfanin BP a 2010, wadda ta fi yi wa mashigin Barataria ɗin nan illa. Irin wannan kuɗi ba ya zuwa sau biyu.

Kun ce za ku yi ƙananan ayyuka, a riƙa zuƙo laka da bututu ana cike gurare. Yana aiki, ba musu. Sai dai ƙasar da aka cika da inji ita ma lotsawa take, kuma teku yana ƙara hawa, gobe sai an sake biya. Kogi kuwa ba ya karɓar lada.

Ba sai kun je wata ƙasa neman shaida ba. Ku tuƙa mota yamma zuwa Wax Lake, inda aka haƙa wata mafita daga kogin Atchafalaya a farkon shekarun 1940 don rage ambaliya kawai. Ba wanda ya yi niyyar gina komai a wurin. Yau akwai tsibirai da itatuwa tsaye a inda jiragen masunta ke wucewa a da.