Ta Iya, A Ba Ta Kujerar!

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, ku matso kusa. 'Yan'uwana maza, kada ku tashi, maganar har da ku.

Wa ta soya ƙosan da aka karya kumallo da shi yau? Wa ta matse man gyaɗan da ke cikin miya? Wa ke tsaye gaban tukunya a Kura tana turara shinkafa tun asuba? Wa ta duƙufa makonni tana ɗinka hular da Alhaji ya karya ranar Juma'a? Mace ce. Humra da turaren wuta na Maiduguri, mace. Daddawa, mace. Fura da nono, mace.

To yanzu ku shiga Kantin Kwari ku karanta allunan shaguna. Ku leƙa Singa. Ku zarce Dawanau. Ku nemi sunayen shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ku ƙirga mata nawa ne. Ba za ku daɗe kuna ƙirga ba.

Aiki nata, suna na wani. Gumi nata, kujera ta wani. Haba jama'a! Ya isa haka.

Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin yadda mutane ke neman abinci. Ta tarar da kasuwa sukutum a cikin gidaje: mata na saye, mata na sayarwa, yara na kai da kawowa. A 1969 ta rubuta a kai, ta ce ciniki ne ɓoyayye. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kuma har yau a ɓoye yake. Ba a sa shi cikin lissafi, banki bai san da shi ba, mai shi kuma idan aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai ba wata sana'a ba ce, ina dai ɗan taɓawa."

'Yar'uwa, daina cewa kina ɗan taɓawa. Ke 'yar kasuwa ce. Faɗe shi da bakinki.

Kuma kada wani ya ce mana baƙon abu ne. Uwar muminai Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce a Makka. Dukiyarta ce ke tafiya Sham, ita ke zaɓen wanda za ta ba amana, ita ke biyan lada. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Wannan shugabanci ne, da tsari, da wakilai, da bin diddigi. A gidanmu muka gaje shi.

Ga na kusa. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a kan wani tsarin ajiya da rance da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata su taru duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke. Akwati na ƙarfe, an garƙame shi da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, don kada wata ta buɗe ita kaɗai. Akwai shugaba, akwai mai lissafi, akwai ma'aji. Mai bukata ta ranta, ta juya, ta maido. Shekara ta zagayo a raba. Daga ƙasar Hausa wannan dubara ta fita, yau ana amfani da ita a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Matan da duniya ta koyi riƙon kuɗi a wurinsu, su ne za a ce ba su iya riƙe shago ba?

Saboda haka, 'yar'uwa, tashi. Fara da littafi. Sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Abin da ya shigo, rubuta. Abin da ya fita, rubuta. Idan ba ki iya boko ba, rubuta da ajami. Idan shi ma ba ki iya ba, ɗiyarki ta rubuta miki. Raba jari da kuɗin cefane. Raba jari da kuɗin anko. Jari ba ya zuwa biki!

Sannan bashin dangi. Duk mun san shi. "Yaya, ba ni turmi biyu, ƙarshen wata zan kawo." Wata ya ƙare, wani ya kama, shiru. Ke kuma kunya ta hana ki tambaya. Sana'o'i nawa kunya ta binne? Rubuta bashin, sa rana, ranar ta zo ki aika. Zumunci daban, ciniki daban.

Ga inda ya fi ci mini rai. Mai saye ya ce a turo masa lambar asusu. Ya danna, sai sunan maigida ya fito, ko na ƙane, ko na mai POS na bakin layi. Shekara biyar tana ciniki, amma a idon banki ba ta taɓa sayar da ko allura ba. Ranar da za ta nemi jari, za a ce ta kawo bayanin shige da ficen asusunta. Me za ta kawo? Buɗe asusu da sunanki. Yi NIN, yi BVN. Kowace naira ta ciniki ta bi ta nan.

Yi wa sana'arki rajista a hukumar CAC. Tun da aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni a 2020, mutum ɗaya tak zai iya kafa kamfani, ba sai ya nemo abokin tarayya ba. Kina yajin daddawa, kina zoɓo, kina man shafawa? Nemi lambar NAFDAC, don babban kanti ba zai ɗora kayanki a kanta ba sai da ita. Ba ki da fili ko gida na jingina? Tun 2017 doka ta yarda a jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar keken ɗinki da injin markaɗe. Kina gudun bashi mai kuɗin ruwa? Ga bankunan da ba sa karɓar ruwa. Akwai Jaiz tun 2012, akwai TAJ tun 2019, akwai Lotus tun 2021, kuma da Lotus ya buɗe ƙofa mace ce shugabarsa, Kafilat Araoye. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 220 don ƙanana da matsakaitan sana'o'i, aka ce kashi 60 cikin ɗari na mata ne. Irin wannan kuɗi takarda yake bi. Wadda ba ta da rajista, ba ta da asusu, ko ƙamshinsa ba za ta ji ba.

Ke kuma da ke ofis, ke da ke banki, ke da ke kamfani, saurara. Shekara nawa kina kan tebur ɗaya? Yara nawa kika koya wa aiki suka wuce ki? An buɗe gurbin ƙarin girma, nemi. Kada ki jira a gan ki. Taro ya zauna, yi magana. Rahoton da kika kwana kina haɗawa, ke za ki gabatar da shi. Zauna jarrabawar akantoci ta ICAN, ko ta ANAN, ko ta ma'aikatan banki. Tara takardunki, yadda ranar zaɓe ba wanda zai sami abin cewa.

Ƙofar tana buɗewa idan aka tura. A 2012, lokacin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, bankuna suka amince a nufi ba mata kashi 30 cikin ɗari na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa. Bayan shekaru aka ga amfanin. A 2021 Nneka Onyeali-Ikpe ta hau shugabancin bankin Fidelity, Miriam Olusanya ta hau na GTBank. A 2024 Adaora Umeoji ta karɓi Zenith. Namu na Arewa ma sun nuna: Hadiza Bala Usman ta riƙe Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa daga 2016, Aishah Ahmad ta zama mataimakiyar gwamnan Babban Banki a 2018, Halima Buba ta shugabanci bankin SunTrust daga 2020. Madalla da su. Amma ku faɗi gaskiya, namu sun yi kaɗan. Ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. An cire su daga aji tun kafin a fara tseren.

Iyaye, wannan taku ce. Yarinyar nan da ke yawo da faranti a ka cikin rana, tana lissafin canjin mutum biyar da ka ba ta kuskure ko sisi, akanta ce. Ku sauke mata tallar. Ku mayar da ita makaranta. Ku bar ta ta gama.

Alhaji, kana ɗaukar ɗanka namiji zuwa shago tun yana ɗan shekara goma. Ɗiyarka fa? Nuna mata littafin ciniki. Koya mata sari, koya mata farashi, koya mata yadda ake gane mai cin bashi. Mariya da Halima da Fatima, 'ya'yan Aliko Ɗangote, suna riƙe da manyan muƙamai a kamfanonin mahaifinsu, kuma sama ba ta faɗo ba. Idan aka zo rabon gado, a ba mace haƙƙinta na shago da gona a hannunta. Kada a ce yayanta zai juya mata, shekara ashirin ba lissafi.

Maigida, dukiyar matarka tata ce, addini ya gama wannan magana. Idan ka ranci jarinta, biya. Idan za ta banki, ba ta izini da fuska a sake, ko ka raka ta. Idan ta dawo aiki a gajiye, kama mata yaran na ɗan lokaci. Arzikinta a gidanka zai kwana.

Shugabannin kasuwa, ku ware wa mata rumfuna. Ku gina musu bayi da wurin salla. Ku sa su cikin kwamiti, kujera mai ƙuri'a, ba ta rabon lemo ba. Masu kamfani, ku daina yanke shawara da tsakar dare a majalisar da mace ba ta zuwa. Hutun haihuwa na mako 12 doka ce, ba alfarma ba. Wanda ya nemi mace da lalata kafin ya sa hannu a takardarta, ku kore shi, ku faɗi dalili.

Mu mata kuma, mu kama bakinmu. Wata ta sayi mota, sai a ce, "Ina ta samu?" Wata ta zama manaja, sai a ce, "Ta fi ƙarfin mijinta." Mu ne ke faɗa, a gidan suna, a gidan biki. Mu bari! Hajiya, Allah Ya ɗaga ki, ja wata. Ɗauki yarinya ɗaya ki koya mata. Ambaci sunanta a ɗakin da ba ta ciki. Ba ta kwangilar farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada mu jira gwamnati. Kada mu jira baɗi. Kafin Juma'a mai zuwa, ki sayi littafin. Ki buɗe asusun. Ki tura takardar neman muƙamin. Kai kuma ka biya bashin da matarka ke bin ka, ka kai ɗiyarka shago, ka sayi kayan maƙwabciyarka da kuɗi hannu ba tayin wulaƙanci. Zaɓen ƙungiyarku na gaba, ku tsayar da mace, ku fito, ku zaɓe ta.

Ku tashi, 'yan'uwa. Yau za mu fara!