Jirgin ƙasan filin jirgin Abuja na buƙatar shiga wayarka

A ce jirginka zai tashi ƙarfe takwas na safe daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kai kuma kana Wuse. Wayarka za ka fara ɗaukowa ka buɗe Bolt ko inDrive. Nan take za ka ga kuɗin, ka ga minti nawa direba zai yi kafin ya iso, ka ga motarsa tana tafe a taswira. Kuɗin da zafi, amma hankalinka a kwance. To, da wannan allon wayar jirgin ƙasan Abuja yake gasa, ko masu gudanar da shi sun lura ko ba su lura ba.

An kashe wa layin nan dukiya. Tun 2007 aka ba kamfanin CCECC na China kwangilar, aikin ya ci sama da dala miliyan 800, kuma dala miliyan 500 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na China. Tsawonsa kusan kilomita 45, tashoshi 12: reshe ɗaya daga tashar Metro a tsakiyar gari zuwa filin jirgi, ɗayan daga Idu zuwa Gbazango ta wajen Kubwa. Buhari ya ƙaddamar da shi a Yulin 2018, annobar korona ta tsayar da shi a 2020, ya yi shekara huɗu a kwance. A ranar 29 ga Mayun 2024 Tinubu ya sake buɗe shi, aka ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar.

Kyauta tana jawo mutane, ba musu. Amma wanda ya biya dubun dubatar naira ya sayi tikitin jirgin sama ba kuɗin jirgin ƙasa ne damuwarsa ba. Tsoronsa ɗaya, kada jirgi ya tashi ya bar shi. Idan zirga-zirgar jirgin ƙasa 'yan ƙalilan ce a rana, kamar yadda aka fara a Abuja, kuskure ɗaya na nufin jiran sa'o'i. Shi ya sa Heathrow Express na Landan yake tashi duk minti 15, ya kai ka Paddington cikin minti 15. Mutum ba ya ma duba jadawali, zuwa kawai yake yi. Ban ce Abuja ta kai can gobe ba, fasinjojin ma ba su kai yawan na Landan ba. Amma jirgi ɗaya duk rabin awa, daga asuba zuwa saukar jiragen dare, a kan lokacin da ba ya sauyawa, abu ne da za a iya tsarawa. Kada a manta da daren nan, domin duk mai hawa jiragen cikin gida ya san jirgin ƙarfe biyar kan iya sauka ƙarfe tara.

Sai batun da ya fi shafarmu a wannan shafi. Jadawalin da aka manna a bangon tasha, ko hotonsa da ke yawo a WhatsApp ba kwanan wata, ba ya taimakon wanda ke gida yana lissafin fita. Akwai tsarin da ake kira GTFS, wanda Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka fara a 2005. Ba wani tsafi a ciki: 'yan fayiloli ne na rubutu da ke ɗauke da sunan tasha, inda take a taswira, da lokacin da jirgi ke tsayawa. Da zarar hukuma ta wallafa su, Google Maps da sauran manhajoji za su iya gaya maka ka fita ƙarfe kaza, ka sauka ƙarfe kaza. Ba sai an ba da kwangilar ƙera sabuwar manhajar da za ta cinye maka wuri a waya ka goge ta bayan mako guda ba.

A Nairobi ɗaliban jami'a ne suka riƙa hawa motocin matatu da wayoyinsu suna tattara bayanan hanyoyi sama da 100, a aikin Digital Matatus, har bayanan suka shiga Google Maps a 2015. Layi biyu da tasha 12 aikin 'yan kwanaki ne ga masu karanta kwamfuta a Abuja, muddin akwai jadawalin da hukuma za ta tsaya a kai.

Idu ma ta cancanci a duba ta. Nan jirgin Kaduna yake tsayawa, kuma tun 2021 ake sayen tikitinsa ta intanet. Mutumin Rigasa da zai kama jirgin sama a Abuja ya kamata ya ga tafiyarsa duka a allo ɗaya, ya biya sau ɗaya, jirgin filin jirgi kuma ya taso minti goma ko sha biyar bayan isowar na Kaduna. Legas ta riga ta haɗa bas da jirgin ƙasa a katin Cowry guda, don haka ba sai an je Turai neman wanda ya iya ba.