Ƙirƙirarriyar basira da masu ilimin ƙasa: kada mu koma cinikin biri a sama

Ƴan kasuwa da dama a Maraɗi, Ƙonni, Damagaram da Gaya sun zuba dukiya wajen karatun ƴaƴansu. Tun da aka soma haƙo man fetur a Agadem a shekara ta 2011, wasu iyaye suka riƙa tura yara su karanta ilimin ƙasa, wato sanin duwatsu, ma'adinai, mai da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Lissafin nasu mai sauƙi ne: ƙasar da ke da uraniyom, zinariya da fetur ba za ta rasa aikin ba wanda ya san inda suke kwance ba. To ga shi yanzu wata magana ta shigo kasuwa, ana cewa kwamfutoci masu ƙirƙirarriyar basira za su karɓe wannan aiki, har wasu na tambaya ko ba gara yaro ya dawo ya zauna shago ba.

Tsoron yana da tushe, bai kamata a rufe wa mutane gaskiya ba. Amma a ganina uban da ya cire ɗansa daga wannan karatu saboda na'ura ya yi gudun gara ya faɗa zago. Abin da ya fi rasa albashin yaro ɗaya haɗari shi ne a wayi gari ba mu da namu mutanen da suka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, sai abin da wani ofis mai nisa ya ga damar gaya mana.

Bari mu soma da abin da na'urar ke yi. Wajen neman fetur, ana kawo manyan motoci masu girgiza ƙasa, a shimfiɗa wayoyi na kilomita da yawa masu sauraren amsa-kuwwar da ke dawowa. Daga wannan amsa-kuwwa ake fitar da hoton shimfiɗun duwatsu. A da, masani kan shafe watanni yana bin hoton layi-layi, yana zana inda dutse ya tsage da inda mai zai iya taruwa. Yau akwai manhajar da aka koya wa dubban irin waɗannan hotuna, tana gama zanen farko cikin ƴan kwanaki. Wajen neman zinariya ko jan ƙarfe kuwa, ana huda ƙasa a zaro dutse dogo kamar rake, a jera cikin akwatuna, a sa matashin da bai daɗe da gama makaranta ba ya bi shi taƙi-taƙi yana rubuta launinsa da taurinsa da jijiyoyin da ke jikinsa. Yanzu akwai na'urar ɗaukar hoto da ke bin akwatunan, ta rarrabe duwatsun da kanta. Haka zanen taswira, da harhaɗa sakamakon awo, da duba hotunan tauraron ɗan Adam, duk sun soma komawa hannun kwamfuta.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A ƙasar Ostireliya, kamfanin Rio Tinto ya fara gwajin manyan motocin ɗaukar dutse marasa direba a yankin Pilbara tun 2008, kuma zuwa 2019 jiragen ƙasansa na can suna kai ƙarfe bakin teku ba matuƙi, ana kula da su daga birnin Perth mai nisan kusan kilomita 1,500. Nan kusa da mu, a mahaƙar zinariya ta Syama da ke kudancin Mali, an kawo motocin da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa ba mutum a ciki wajen 2019. Akwai kuma kamfanin KoBold Metals na Amurka, wanda aka kafa a 2018 musamman don neman ma'adinai da ƙirƙirarriyar basira. A 2024 ya ba da sanarwar jan ƙarfe mai yawa a Mingomba, ƙasar Zambiya. Tun a 2013 wasu malamai biyu na jami'ar Oxford ta Ingila, Frey da Osborne, suka ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka na cikin haɗarin komawa hannun na'ura. A jerin nasu, ƙananan ma'aikatan da ke taimaka wa masana ƙasa da na fetur suna cikin masu babban haɗari, masana ruwa kuwa suna cikin waɗanda suka fi tsira.

A nan ne matsalar take. Ayyukan da na'ura ke ɗauka su ne waɗanda yaro ke somawa da su. Kowane babban ɗan kasuwa da ke karanta wannan shafi ya san yadda ya koyi sana'a: ya yi yaron shago, ya ɗauki kaya, ya ƙirga buhu, ya raka mota Kano ko Kwatano, kafin ubangida ya yarda ya ba shi jari. Da a ce an wayi gari ba a bukatar yaran shago, nan da shekara ashirin ina za a samu iyayen gida? Haka yake a ilimin ƙasa. Wanda bai shafe shekaru yana taɓa dutse da hannunsa ba, ba zai iya gane ranar da kwamfuta ta yi kuskure ba. Kamfanin waje ba ya damuwa da wannan, domin yana da tsofaffin masanansa a gida. Mu ne za mu zauna da ƴaƴa masu takardar shaida da ba su taɓa samun inda za su goge ba.

Sai dai kuma akwai iyakar abin da na'ura ke iyawa. Kwamfuta ba ta sanin komi sai abin da aka zuba mata. In ba a taɓa auna wuri ba, ba a huda shi ba, ba a ɗebo samfurin dutsensa ba, hasashe kawai za ta yi. Ko Mingomba ɗin da ake ta yayatawa, an taɓa haƙa ramukan gwaji a can kafin kamfanin ya zo, kuma har yanzu masana ƙasa ne ke tsaye a kan injinan huda suna tabbatar da abin da manhaja ta nuna. Ƙasashen da aka auna ƙasarsu ciki da bai, can ne na'ura ke da abincin da za ta ci. Mu a nan Sahel, yawancin aikin ƙafa ba a ma yi shi ba tukuna.

Ku dubi yadda aka gano arzikinmu. Masana Faransa ne suka ci karo da uraniyom a Azelik a 1957, alhali jan ƙarfe suka fito nema. Zinariyar Jado da ta Cibarakaten kuwa, a 2014 mutanen daji ne da ƴan na'urorinsu na hannu suka tono labarinta, duniya ta ji. Ta Ɗan Isa ma a 2021 haka ta ɓullo. Wato har gobe ƙasarmu tana ba da mamaki ga wanda ya taka ta.

Rashin masani a wurin aiki kuma mun ga abin da yake jawowa, da ranmu muka biya. A watan Nuwamba na 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. A tsallaken iyaka, a Zamfara, gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a 2010. A Tibiri ta Gobir, rijiyar burtsatse da aka soma shan ruwanta a 1985 tana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, aka shekara da shekaru ana sha, dubban yara suka taso da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar wata basira ta musamman. Abin da aka rasa shi ne mutum mai ilimi da zai je wurin, ya duba bangon rami, ya ɗebi dutse ko ruwa ya kai awo, kuma a saurare shi. Birnin Damagaram da ke zaune kan dutse, wanda ake jawo wa ruwa daga nesa, shi kaɗai ya isa ya nuna cewa masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba zai rasa aiki a ƙasar nan ba, in dai akwai mai biya.

Ɗan kasuwa zai fi kowa fahimtar wannan. Lokacin da wayar salula ta shigo kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, wani binciken da Jenny Aker ta yi ya nuna tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan aiken da ake turawa ya jiyo farashi ya rasa abin yi. Amma har yau ba wanda ke sayen tirelar wake ta waya ba tare da ya sa nasa mutum ya soka buhu ya ga ko da ƙwari ba. Waya ta ƙara wa mai ido ƙarfi, wanda ba shi da ido kuwa ta sa an fi saurin cutarsa.

Wannan ya kawo mu ga babban abin tsoro. A zamanin ƙirƙirarriyar basira, bayanan ƙasa su ne jari: taswirori, sakamakon huda, awon da aka yi ta jirgin sama. Wanda ya tara su, ya zuba a na'urarsa, zai san darajar filinka kafin kai ka sani. Ba banza ba ne a 2025 kamfanin KoBold ya ƙulla yarjejeniya da ƙasar Kwango wadda ta haɗa da mayar da tsofaffin takardun binciken ƙasa na zamanin mulkin mallaka, waɗanda ke ajiye a Beljiyam, zuwa kwamfuta. Tsohuwar takarda ta zama kuɗi. In an zo teburin ciniki, ɓangare ɗaya na riƙe da sikeli da tiya, ɗayan kuma bai san nauyin buhunsa ba, kowa ya san yadda cinikin zai ƙare. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin SOMAIR na Arlit hannun ƙasa, kuma tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Kowane irin ra'ayi mutum ke da shi kan siyasar waɗannan al'amura, abu ɗaya a fili yake: mallakar mahaƙa ba ta cika sai kana da ɗan ƙasa da zai gaya maka nawa ya rage a ciki.

Wani zai ce, duk mun ji, amma yara nawa ne suka gama karatun suna zaune ba aiki? Gaskiya ne. Sai dai mu tuna ba na'ura ce ta zaunar da su ba. Kamfanin COMINAK da ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, bayan aiki tun 1978, ƙarewar ma'adinin ce ta rufe shi, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Faɗuwar farashin fetur daga 2014 zuwa 2016 ta sa an sallami masana ƙasa da yawa a duniya. Wannan sana'a dama tana hawa da sauka da farashi, kamar cinikin albasa. Kuskuren shi ne a ɗauka babban kamfani kaɗai ke iya ba masani aiki.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace. Uban da ɗansa ke makarantar EMIG ta Yamai, ko EMAIR ta Agadas, ko jami'ar Abdu Mumuni, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ya bar shi ya ci gaba. Ya ƙara masa da kwamfuta mai kyau, ya matsa masa ya koyi sarrafa bayanai da zanen taswira na zamani, domin idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Amma kada ya yarda yaron ya zama ɗan ofis zalla. Lokacin hutu ya tafi inda ake huda rijiya ko wurin haƙo, ko da ba a biya shi ba, kamar yadda yaron shago ke koyon ciniki. Wanda ya haɗa sanin dutse da sanin na'ura shi ne za a daɗe ana nema.

Mu kanmu ƴan kasuwa muna da aikin da za mu ba su. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kuɗin kasuwa ne ke ciyar da ramukan zinariya da yawa: wani ya ba da injin, wani abinci, wani mota, a raba abin da aka samu. Mutum zai zuba miliyoyin sefa a rami bisa jita-jita, amma ya ga tsadar biyan masani ya duba wurin. Haka mai lambu zai biya kuɗin huda rijiya sau biyu sau uku a fito ba ruwa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na iya haɗa kuɗi su ɗauki matasan masana, su saya musu kayan awo, kowa ya riƙa biyan ladan dubawa kafin ya zuba jari. Zai rage asara, zai rage gawarwakin da ake zarowa daga rami, kuma yaranmu za su samu wurin gogewa da kamfanoni suka soma hana su.

Hukuma kuma nata ya fi nauyi. Duk kamfanin da aka ba izinin bincike, a tabbatar ya miƙa kwafin duk abin da ya auna ga cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati, a irin sigar da kwamfuta ke karantawa, kuma a ajiye duwatsun gwaji a nan gida. A sa cikin yarjejeniya cewa in an kawo manhaja, za a zaunar da ƴan ƙasa a gabanta su koya, ba a aika bayanai waje a dawo mana da amsa kawai ba. Tsofaffin taswirorinmu da ke cikin ƙura a mayar da su kwamfuta da hannun ɗalibanmu, su zama dukiyar ƙasa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na'ura za ta zo, ko muna so ko ba mu so, kuma za ta yi amfani. Abin da ya rage gare mu shi ne ta tarar da ƴaƴanmu a shirye, sun san ƙasarsu, suna iya ce mata a nan kin yi daidai, a nan kuma sake lissafi. In muka janye su yanzu don tsoro, gobe za mu sayar da abin da ba mu gani ba, a farashin da mai saye ya yanka.