Sanda Ko Ƙuli-Ƙuli: Da Me Za Mu Koya Wa Karen Gidanmu Aiki?

Yau zan ɗan ja ku gefe daga labaran soyayya da na kishiyoyi, mu taɓa wata magana da na san wasu za su yamutsa fuska da jin ta, wato maganar kare.

A littattafanmu na hikaya, in ka ga an ambaci kare to ɗayan biyu ne: ko dai yana tsare da ƙofar gidan wani hamshaƙin Alhaji, yana jiran ya fatattaki talakan saurayin da ya zo zance, ko kuma zagi ne ya fito daga bakin wata masifaffiyar uwar miji. Amma a yankinmu na arewacin Zamfara, daga Ƙauran Namoda zuwa Zurmi, zuwa Shinkafi da Galadi, kare ma'aikaci ne. Shi ke bin maharba daji da rani bayan an kawar da amfanin gona, shi ke bin garke, shi ke korar birai daga gona. Tun da 'yan bindiga suka addabe mu fiye da shekara goma ke nan, sai aka ƙara masa wani aikin da ya fi waɗannan nauyi, wato gadin dare. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a faɗin jihar, ba wanda zai iya buga maka waya daga maƙwabcin gari ya ce ga su nan tafe. Gidan da ke da kare yana da kunnen da ba ya barci.

To ga abin da nake son in faɗa. Wannan dabba da muka ɗora wa tsaron rayukanmu, yawancinmu muna rainon ta ne ta hanyar da ke lalata aikin da muke nema daga gare ta. Kwikwiyo zai taso tsakanin jifa da shuri. Yara su ja masa wutsiya, manya su maka masa sanda in ya leƙa tukunya. Wasu ma da gangan suke ɗaure shi wuni guda cikin rana, su hana shi abinci, wai don ya yi zafi. In ya girma ya zama mai yi wa kowa haushi, har da akuyar gida da inuwar bishiya, ko ya yagi ƙafar almajirin da ya zo bara, sai mu ce ai dama kare ba shi da amana. Alhali abin da muka shuka ne ya tsiro.

Akwai wata hanya, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tsofaffin maharba sun san cewa karen da ake jefa wa kayan ciki nan take bayan ya kama zomo, gobe shi ne a gaba. Turawa sun ɗauki wannan sani suka auna shi a ɗakin bincike. Wani masani ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya fitar da littafi a 1938 a kan gwajin da ya yi da ɓeraye, inda ya nuna cewa duk aikin da dabba ta yi ta ga alheri ya biyo baya, za ta maimaita shi. Daga baya wata mata, Karen Pryor, ta yi aikin horar da wata dabbar teku da ake kira dolfin a Hawai cikin shekarun 1960. Wannan dabba ba a iya sa mata igiya, ba a iya bin ta da bulala cikin ruwa, in ta ga dama ta yi nutso ta bar ka tsaye. Da kifi da usur aka koya mata aiki. Littafin da matar ta fitar a 1984 yana cikin abubuwan da suka yaɗa wannan dabara ga masu horar da karnuka.

In dolfin ya yi mana nisa, to ga gafiya, wadda yaranmu ke haƙa a bayan gari. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya akwai wata ƙungiya mai suna APOPO da ke koya wa gafiyoyi sunsuno nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, ladansu kuwa ayaba da gyaɗa. Ɗaya daga ciki, mai suna Magawa, ya gano nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa sama da 100 a ƙasar Kambodiya, har wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila ta ba shi lambar zinare a 2020. Jama'a, in za a koya wa gafiya irin wannan aiki da ɓarin ayaba, me zai sa a ce kare, wanda ya fi ta son ɗan Adam nesa ba kusa ba, sai da sanda?

Sandar ma an auna abin da take haifarwa. A 2009 likitocin dabbobi na Jami'ar Fensilbaniya a Amurka suka tambayi mutum 140 da suka kawo karnukansu saboda matsalar hali. A cikin karnukan da aka ce an doka ko an shura, kashi 43 cikin 100 sun mayar da martani da faɗa. A 2020 kuma masu bincike a birnin Porto na ƙasar Fotugal suka gwada karnuka 92, suka tarar waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun firgici, kuma sinadarin damuwa ya fi hawa a cikin yawunsu bayan darasi. Karen da ke cikin firgici hankalinsa na kan hannunka ne, yana lissafin ta ina dukan zai fito, ba ya sauraren abin da ke motsi a bayan danga.

Yadda ake yin horon da lada ba wani abu ne mai wuya ba, sai dai yana son haƙuri da kiyaye lokaci. Ka zaɓi kalma ɗaya gajera, kamar “yauwa”. Duk sa'ad da kare ya yi abin da kake so, ka faɗe ta a daidai wannan ƙiftawar ido, ka bi ta da ɗan abin taunawa. In ka yi jinkiri har ya tashi ya juya, to juyawar ka saka wa, domin shi abin da ya yi na ƙarshe yake haɗawa da ladan. A fara a wuri mai shiru, minti biyar sau biyu ko uku a rana ya wadatar. A soma da kiran suna ya zo, sannan zama, sannan tsayawa, sannan barin abu in an ce ya bari. In ya kuskure ba duka, ba tsawa, a hana ladan kawai a sake gwadawa daga inda ya iya. In darasi ya zauna sai a riƙa tsallake ladan, yau a ba shi, gobe a shafa kansa kawai. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: masana sun ce daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwar kwikwiyo ne yake tantance abin da zai saba da shi. A lokacin ya kamata ya san yaran gida, da awaki da kaji, da almajirai da masu talla da ke shigowa kullum, domin gobe ya iya bambance na gida da baƙon dare.

A Legas da Abuja akwai masu sana'ar horar da karnuka da ake biya su zo har gida su koyar. Mu ba mu da irin waɗannan a Galadi, amma muna da wanda zai tsaya a matsayinsu. Da wuya ka rasa maharbi ko makiyayi guda a gari wanda kowa ya san karnukansa na jin magana. Shawarata ita ce a nemi irin wannan mutum, a daidaita da shi a kan ɗan abin hasafi, ya riƙa zuwa gida. Na ce gida, domin mutane sun fi son su miƙa masa kwikwiyo ya tafi da shi wata biyu ya dawo da shi a gyare. Karen da aka yi wa haka zai ji maganar maharbi, ya dawo gidanka ya tarar da sandar da ya bari, cikin mako guda karatun ya zube. Wanda ya fi bukatar darasin shi ne mai gida. Tun da namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, sai a yi a zaure ko a ƙofar gida, mai gida da manyan 'ya'yansa suna nan suna gwadawa da hannunsu, sannan su shiga su nuna wa mata da ƙananan yara, waɗanda su ne ke wuni da karen, su ne ke zuba masa abinci. Kowa ya riƙe kalma ɗaya. In Baba ya ce “zauna”, Inna ta ce “kwanta”, Auta ya ce “kai, tafi can”, to ko ɗan mutum ne sai ya rikice.

Ba kowane mai karnuka ne ya cancanci wannan aiki ba. Kafin ka ɗauki mutum, je ka ga nasa. In ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya ka ga sun maƙale wutsiya sun lafe a ƙasa, ka gode masa ka kama hanya. In kuwa ya kira sun zo da gudu suna kaɗa wutsiya, ya ce su tsaya sun tsaya, to ka sami malami.

Na san abin da wani zai ce: “Malam, mutane ba su ƙoshi ba, an hana su noma, kai kana zancen ladan kare?” Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ladan nan ba tsire ba ne. Abincin da dama za ka zuba masa ne, ɗan ƙanzo, ɓarin ƙuli-ƙuli, guntun tuwon jiya, sai ka gutsuttsura ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan aiki maimakon ka juye masa a ƙasa gaba ɗaya. Ko kwabo ba a ƙara ba.

Wani kuma zai ce karen da ba a doka ba zai yi laushi, ba zai yi gadi ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba karen da zai tare mai bindiga, komai zafinsa. Abin da yake iya ba mu shi ne 'yan mintoci: ya ji motsi tun daga nesa, ya tashe mu, a kwashi yara. Karen da ke haushi dare duka ba gaira ba dalili, mutanen gida sun daina kula shi, ranar da haushin ya zama na gaske ba mai ɗaga kai. Akwai kuma abin da ya fi wannan. In iyali sun fita sun laɓe a cikin dawa, karen da ba a iya cewa ya yi shiru ya yi, shi zai nuna inda suke. Wannan shirun ba a koyar da shi a daren da ake bukatarsa, kamar yadda ba a fafe gora ranar tafiya. Da rana ake koyar da shi, ya yi haushi biyu, a ce “ya isa”, ya rufe baki a ba shi lada, har ya zame masa jiki.

Sai maganar addini, wadda ita ce ke sa da yawa ƙyamar batun baki ɗaya. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka koya wa aiki ta kamo. Malaman fiƙihu sun bayyana alamar koyayyen kare da cewa in an tura shi ya tafi, in an tsayar da shi ya tsaya. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Mun kuma sha jin labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba cewa nake a sa kare a ɗaki ko a kan tabarmar salla ba, yana da wurinsa a waje. Amma ban taɓa jin inda aka ce azabtar da shi ibada ce ba.

Abu na ƙarshe da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yaranmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkansu daga cizon kare ne. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tashi. Rigakafin da ake yi wa karnuka shi ne babban maganin abin, amma ta yaya ma'aikacin dabbobi zai yi wa kare allura alhali mai shi ma ba ya iya taɓa shi? Karen da ya saba da hannu ta hanyar lada zai tsaya a yi masa. Haka kuma gurnani gargaɗi ne. In ka doke shi duk lokacin da ya yi gurnani, zai daina gargaɗin, watarana ya kai cizo ba sallama. In tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kar a tsaya jiran a ga yadda karen zai yi.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Zamanin da muke ciki yana bukatar kare mai natsuwa, mai jin kira, wanda ya san na gida, ya san lokacin haushi da lokacin shiru. Wanda ke da kwikwiyo a gida yau, ya nemi masanin garinsu ya zo zaure, ya ajiye sandar nan, ya gwada ƙuli-ƙuli na wata guda ya gani. Alheri danƙo ne, ko a kan dabba aka yi shi ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya sa mu kwana lafiya mu tashi lafiya. Sai mun sake haɗuwa.