Waiwaye: Wutar da ta ɓuya wa fitocin Yendi

A shekarun 1980, idan Datsun ko Fijo 504 ta ƙi tashi a Yendi, fita, wato makanike, ba ya dogon tunani. Sai ya cire murfin distiributa, ya ce wa yaronsa, "Kai, murɗa makulli." Ga kontak nan yana buɗewa yana rufewa a gaban idonsu. In bakinsa ya ƙone, a goge shi, a daidaita tazararsa, mota ta kama hanyar Tamale ko Bimbila. Yaro na tsaye yana kallo, a haka yake gane cewa duk sanda kontak ya katse wuta, koyil ke ɗaga bolt 12 na batir zuwa sama da 20,000, ya aika wa fulogi.

Tun 1973 kamfanin Chrysler na Amurka ya mayar da motocinsa kan tartsatsin lantarki, amma sai da motocin hannu suka cika Ghana abin ya iso mana sosai. Yanzu sensa ce ke ƙirga haƙoran wani faifai da ke juyawa da injin, ƙwaƙwalwar mota ta yanke lokacin da za a katse wutar. Ka'idar ba ta canja ba, amma komai a rufe yake cikin baƙar roba. Baburan da suka cika garin ma haka akwatin tartsatsinsu na CDI yake.

Nan koyo ya samu rauni. Masta da kansa sai ya koma canki-canka: a sauya koyil, a sauya sensa, a aika Suame ta Kumasi a sayo wani kayan, alhali wataƙila waya ɗaya ce ta tsinke. Mai mota ke biyan kuɗin wannan lalube, kuma abin yana ci mini rai, domin yaran nan ba basira suka rasa ba.

Allon gwaji shi ne ya dawo musu da gani. Batir, sensa, koyil da fulogi duk a kafe a fili, faifan yana juyawa, tartsatsin yana fita kowa na kallo. Malami ya cire waya a ɓoye, ya miƙa wa ɗalibi mita ya ce ya nemo inda wutar ta tsaya. Makarantun sana'a irin Dabokpa ta Tamale da ta fasaha ta Bawku su ne gidan irin wannan darasi. Amma yawancin yaranmu a gareji suke koyo, kuma masta mai tsohon injin da katako guda zai iya haɗa nasa allon.