Jigida Da Matsi: Shirun Hukuma Ya Isa

A Madawa, Buza da Keita, kamar sauran ƙasar Hausa, jigida tsohon ado ce da matar aure ke ɗaurawa a ƙugu domin idon mijinta kaɗai. Babu abin kunya a nan. Masagan Bida, a Nijeriya, sun daɗe suna narka kwalabe suna ƙera duwatsun ado, har UNESCO ta karrama garin a 2021. Zaɓen jigidar gilashi ba wuya: a shafa da yatsa, in an ji tsaga ko kaifi a bar ta, don tana yankan fata; a riƙa wanke ta da sabulu.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauran kayan mata: matsi da ƙulle-ƙulle marasa suna, marasa awo. Aibin gilashi ido na gani, amma abin da ake cusawa a jiki sai ya yi ɓarna kafin a farga, kunya kuma ta hana zuwa likita.

Muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa da su binciki waɗannan kaya, ungozomomi su yi wa mata bayani a fili. Rigakafi ya fi magani.